Talata a Agege: shago biyu, intanet ɗaya

Tun bayan sallar asuba Alhaji ya kira ni, ya ce yau dai a gama maganar nan. Shagonsa na buga takardu a Agege yana da kwamfuta shida da firinta, duk a jone da waya cikin suwic ɗaya, wato akwatin da ke haɗa su da juna. Ƙaninsa kuma yana da ofishin lodin kaya a tsallaken titi, da kwamfuta uku da tsohuwar rautarsa, wato na'urar da ke raba musu intanet. Kowa na sayen datarsa daban, kuɗi na ta zurarewa. Suka yanke shawarar a ajiye rauta ɗaya mai 5G a benen Alhaji, inda sabis ya fi ƙarfi, su biyun su sha daga nan.

Alhaji so yake a ja waya kawai ta saman titi. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, wayar intanet ta Cat6 iyakarta mita 100, kuma manyan motocin da ke bin layin nan ba za su bar ta ta kwana ba." Ya yi shiru, can ya ce in yi abin da na ga ya dace.

Na hau danfo zuwa Computer Village a Ikeja. Na sayo ƴan na'urorin rediyo guda biyu, irin waɗanda ake kafewa a bango suna kallon juna don tsallakar da intanet ta iska, masu aiki a zangon 5GHz. Ita 2.4GHz ta fi ratsa gini, amma a unguwa irin tamu ta cika maƙil da Wi-Fi ɗin maƙwabta. Wajen wayar da za ta haɗa kowace na'ura da rauta na tsaya tsayin daka sai da aka kankare min bakinta na gani. Akwai wadda alminiyom ce aka shafa wa jan ƙarfe a sama, ga arha, amma na'urorin nan ta cikin wayar suke shan wuta, ba zan yarda da ita ba. Abin na ƙona min rai, mutum ya biya kuɗinsa na halak a sa masa wannan bai sani ba.

Kafewa ba ta ci lokaci ba, tunda babu abin da ya tare tsakani.

Inda muka daɗe shi ne tambayar da ƙanin Alhaji ya yi: "Malam, yaran shagon Yaya za su iya ganin lissafina?" Tambaya ce mai kyau ƙwarai. In aka haɗe su netwok ɗaya, duk fayil ɗin da ya bari a buɗe ana iya kaiwa gare shi. Don haka wayar da ta sauko daga rediyonsa na soka ta a ramin WAN na rautarsa, wato ramin da intanet ke shigowa daga waje. Sai ga shi rautocin biyu duk adireshi ɗaya, 192.168.1.1, suke amsawa, intanet ya ƙi wucewa. Na mai da na rautar ƙanin 192.168.2.1, nan take shafi ya buɗe. Yanzu daga shagon Alhaji ba a ganin kwamfutocinsa, shi kuwa yana iya tura takarda firintar yayansa, wadda na ba ta adireshi tsayayye.

Dab da magariba aka ɗauke wuta a ɓangaren Alhaji, ofis biyun suka rasa intanet lokaci guda, alhali tsallake da wuta. Ranar Alhamis, in sha Allahu, zan ɗora rautar da rediyon benen a kan inbata. Sun ce kuɗin batir za su raba biyu.