Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Kayan Ciki a Haɗe Suke

Na yi alkawari a makon jiya cewa yau zan shiga labarin zamana a Ingila, amma tun ranar Laraba da na wuce ta bakin kwata na ji warin tumbi, maganar Baffa ta tsaya mini a rai ta hana ni sakat, saboda haka masu jiran labarin Ingila su ƙara haƙuri. Waɗanda suka san gidanmu sun san fawa muka gada kaka da kakanni, kuma ni ne na farko da ya ajiye wuƙa ya ɗauki alƙalami, abin da Gwaggo ba ta yafe wa mahaifina ba har ta koma ga Allah. Tun ina ɗan shekara takwas nake riƙe wa Baffa ƙafar rago, kuma duk sa'ad da ya farke ciki ya jawo kayan waje, hanta da saifa da tumbi da hanji suna bin juna, sai ya ɗaga su sama ya ce mini, "Duba da kyau, yaro. Kayan ciki a haɗe suke, wuƙa ce take raba su." A lokacin na ɗauka gargaɗi kawai yake yi mini kada in fasa matsarmama in ɓata masa nama.

An fara ba ni ajin ɗaliban likitanci a 1991, lokacin asibitin koyarwarmu na Zariya yana Tudun Wada. Shekarun ne da manyan likitoci suka yi ta ficewa zuwa Saudiyya saboda albashi ya daina kai mutum ƙarshen wata, don haka darussan da ya kamata malamai uku su raba suka faɗo kaina ni kaɗai: cututtukan ciki da hanta, cututtukan ƙoda, da cututtukan homon, wato sinadaran da ke kai saƙo ta cikin jini, irin su ciwon sukari da maƙoƙo. Ba ƙwarewata ce ta jawo mini wannan ba, rashin mutane ne, ko da yake na daɗe ina barin 'yan gidanmu suna zaton akasin haka. Jadawalin ya yanka darussan kashi uku, kowane da makonninsa, ɗalibai kuwa suka haddace su a yanke. Idan muna makon hanta na kai su gaban mai kumburin ciki, duk bakinsu ɗaya, hanta ce. Idan na kai su gaban wannan mutumin dai a makon ƙoda, sai su rantse ƙoda ce. Yara ne masu kaifin ƙwaƙwalwa, wasu daga Katsina, wasu daga Binuwai, wasu daga kudu, amma mara lafiya bai san makon da muke ciki ba.

Wata Asabar da asuba na je wurin Baffa na ce ya yanka mini rago ya ciro kayan cikin gaba ɗaya, kada ya raba komai, har ƙoda da kitsenta da mafitsara. Ya dube ni ya ce, "Likita, biki za ka yi ko boko ne ya gaza?" Na kawo su aji a cikin bahon roba an rufe da buhu. Na fara gaya wa ɗaliban cewa tumbin rago ɗaki huɗu ne, na mutum ɗaki ɗaya, kada wani ya je jarrabawa ya kunyata ni, sannan na sa kowa ya sa hannu. Na nuna musu wata farar tsoka mai laushi kwance a jikin farkon hanji, wadda mai saye zai ɗauka kitse ce, na ce wannan ita ce fankiriyas: ta ƙofa ɗaya tana zuba ruwan narka abinci a hanji, ta wata tana sakin insulin, sinadarin da ke sauke sukari, a cikin jini, to a wane mako za ku ajiye ta? Na tsaga ƙoda biyu suka ga ɓawonta da cikinta, na ce ƙodar mutum guda biyu suna tace ruwa kusan lita 180 kowace rana, wato jarkar ɗan garuwa bakwai da ɗoriya, su mayar da kusan duka cikin jini, abin da ke fita a fitsari kamar lita ɗaya da rabi ne kawai. Kuma ƙodar nan ita ce take fitar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya yi jini, ita ce take da hannu a awon hawan jini, ita ce take ƙarasa gyara bitamin D don ƙashi ya samu alli. Wata ɗaliba da ta toshe hanci da gyalenta tun shigowata, ita ce ta ƙarshe da ta bar bahon.

Kafin Litinin magana ta kai ɗakin shan shayin malamai. Wani babba a cikinmu, wanda ba zan kama sunansa ba don yana da 'ya'ya da jikoki a garin nan, ya jira sai da ɗakin ya cika sannan ya ce da Turanci, yana juya cokali a kofi, ai ɗan mahauta ko ya kai ina sai ya nemi hanyar komawa kwata. Aka yi dariya, ni ma na yi, domin ƙaramin malami ba shi da zaɓi. Shekara talatin da 'yan kai ke nan, amma har yau ina iya faɗin kalar kofin. Da ina da bakin magana a ranar, da na tuna masa cewa homon na farko da aka gano a duniya daga hanji aka samo shi, lokacin da wasu masana biyu, Bayliss da Starling, suka nuna a Landan a 1902 cewa farkon hanji yana aika saƙo ta cikin jini zuwa fankiriyas, kuma kalmar homon ɗin kanta sai a 1905 Starling ya shigo da ita. Ke nan fannin homon da yake tinƙaho da shi daga kayan ciki ya fito. Ban faɗa ba. Amma ɗansa ya zauna a ajina bayan asibitin ya tare a Shika, ya riƙe ƙodar rago da hannunsa kamar kowa, kuma na ba shi makin da ya cancanta, ban rage masa ko ɗaya ba.

Ba don in rama na ɗauko wannan labari ba, ko da yake na ji sanyi da na rubuta shi. Na ɗauko shi ne saboda abin da ya faru a 1997.

Ranar sunan ɗan ƙanwata ne a Kwarbai. Baffa ya ja ni gefe a zaure, mutane suna shiga suna fita, ya ce, "Likita, olsar nan ta matsa mini. Abinci ba ya zama, da safe kuma tashin zuciya kamar mai sabon ciki." Na ce, "Baffa, ai kun cika yaji, ga shi ba kwa karyawa da wuri." Na juya bayan wata takarda na rubuta masa ruwan maganin nan fari mai kwantar da zafin ciki, na koma wurin baƙi. Ni da na san an gano masa ciwon sukari tun 1985. Ni da na ji ana murna a gida cewa ya warke, ya daina shan ƙwaya, sukarinsa ya sauka da kansa tun da wani ya ba shi saiwa a kasuwar Sabon Gari. Ni da a makon nan ɗin na tsaya gaban allo na gaya wa ɗalibai cewa idan tsohon mai ciwon sukari ya ce sukarinsa ya gyaru ba dalili, to ku ji tsoro, domin ƙoda tana cikin masu kawar da insulin daga jini, idan ta gaza sai insulin ya daɗe yana aiki, sukari ya sauka, a yi ta barka alhali ƙodar ce take mutuwa. Na gan shi ya take bayan takalminsa, na ɗauka tsufa ne, ashe ƙafa ce ta kumbura ta ƙi shiga. Ban tambaye shi sau nawa yake tashi fitsari da dare ba. Ban tambaye shi ƙwayoyin ciwon bayan da yake saye a kemis ba, waɗanda ya shekara yana sha saboda ɗaukar cinyar sa, alhali irinsu suna cin ƙoda kuma suna ƙona tumbi. Ɗan tsinken gwajin fitsari da ake tsomawa a duba cikin minti ɗaya, da ya nuna mini furotin yana zuba. Akwai kwalbarsa a motata a ranar.

Kalmar olsa ce ta rufe mini ido, kuma a nan dole in tsaya in yi bayani, domin ta rufe wa da yawa. Mu an koya mana cewa gyambon ciki yunwa ce da yaji da damuwa suke kawo shi, maganinsa madara da haƙuri, wanda ya yi tsanani a yanke masa jijiya ko wani ɓangare na tumbi. Sai ga wasu likitoci biyu a Ostareliya, Warren da Marshall, sun nuna a 1982 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helikobakta ce take zaune a tumbi tana haddasa mafi yawansa, har Marshall ya kurɓe ta da kansa a 1984 don a yarda da shi. An ba su kyautar Nobel a 2005, shekarar da muka kwashe kayanmu zuwa Shika, kuma a cikin kwashe-kwashen ne na tsinci tsohon littafin darasina mai shafi goma sha biyu kan madara da yaji, na sa shi a shara da hannuna. Amma a bakin mutanenmu olsa ba gyambo kaɗai ba ce. Duk abin da ya taɓa tsakanin ƙirji da cibiya olsa ne, kamar yadda duk abin da ya sauka ƙasa da nan basir ne, duk idon da ya yi rawaya shawara ce, ko ciwon hanta ne, ko dutse ne ya toshe hanyar matsarmama, ko jini ne yake fashewa. Mara lafiya ba ƙarya yake yi ba, sunan da ya gada yake faɗa. Aikin likita ne ya ce, "Baba, nuna mini wurin da yatsa, kuma yaushe ya fara?" Wannan tambayar nake ta dukan ɗalibai a kanta, ita ce kuma ban yi wa ƙanin mahaifina ba.

Bayan wata biyar aka kawo shi a bayan a-kori-kura. Shaƙuwa ta kwana uku ba ta tsaya ba, jikinsa duk sawun susa, tafin hannunsa fari fat, numfashinsa yana warin fitsari. Tashin zuciyar da ya kira olsa dattin jini ne da ƙoda ta kasa fitarwa. Wankin ƙoda, wanda ake so a yi sau uku a mako, kowane zama kamar awa huɗu, ba abin da mahauci zai ɗora wa kansa ba ne a wancan zamani, dashe kuwa sai a 2002 aka fara yin sa a Kano. Aka kwantar da shi a ɗakin da nake zagayawa da ɗalibai. Na so in tsallake gadonsa, shi ya hana. Ya ce, "Kawo su, ai ni na ba su rago." Suka kewaye shi, ɗaya ya durƙusa ya ce, "Sannu Baba, ina ne yake yi muku ciwo?" Ya amsa musu komai dalla-dalla, har fitsarin da kiyashi ke bi shekarun baya, har kumfar da yake gani a kansa, abubuwan da bai taɓa gaya mini ba don ban taɓa tambaya ba. Kwana tara ya yi. Kullum ina jiran ya dube ni ya maimaita maganarsa ta kayan ciki, da na samu sauƙi, amma bai yi ba. Abin da ya dame shi shi ne bashin da yake bin wani mai tsire a Samaru, da wanda zai karɓo.

Yaya, babban ɗansa, har gobe idan an taru a gida yakan kira ni likitan mutanen waje. Yana faɗa cikin raha, kowa ya yi dariya, amma ni da shi mun san ba raha ba ce. Na sha niyyar in ce masa shi ne ya raka Baffa wurin mai saiwar, shi ne kuma ya fara shelar an warke, sai in tuna kwalbar da ke motata in yi shiru.

Daga shekarar na rushe tsarin makonni a ajina, ko da yake a takarda na bar shi yadda yake don a zauna lafiya. Ɗalibin da ya kawo mini labarin mara lafiya, ko da ciwon kai ya zo, ba ya buɗe baki sai ya nuna mini sakamakon fitsari da awon jini, kuma sai ya faɗa mini da Hausa abin da mutumin ya ce kafin ya juya shi zuwa Turanci. Waɗanda ba Hausawa ba sukan yi gunaguni a watan farko, daga baya su fi 'yan gida iya tambaya, domin su ba sa ɗauka sun riga sun gane. Wata ɗaliba daga Filato ce ta gano wata mata daga wajen Giwa da aka shekara huɗu ana ba ta maganin ƙarin jini da na taifot. Ta zauna da ita ta ce, "Mama, tun haihuwarki ta ƙarshe, nono ya zo?" Matar ta ce bai zo ba, al'ada ma ba ta dawo ba, kuma ta zubar da jini sosai a wannan haihuwar. Ƙullin homon da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne ya lalace saboda zubar jinin, cutar da wani likita mai suna Sheehan ya bayyana tun 1937, kuma da aka fara ba ta ƙwayoyin da ke maye gurbin abin da ta rasa, matar da ake ɗaukowa ta koma tana daka. A makon ƙoda muke a lokacin.

Ragon kuwa ban fasa kawowa ba har na yi ritaya. Bayan rasuwar Baffa, Yaya ne yake yanka mini, da wuƙar Baffa mai ƙotar ƙaho, kuma bai taɓa karɓar kuɗin kayan ciki ba, na naman kawai yake karɓa. Labarin Ingila sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.