Na biya kuɗin bizar shekara biyar, aka ba ni ta wata shida

Duk wanda yake neman bizar ziyara zuwa Ingila zai iso wani wuri a cikin fom inda za a tambaye shi tsawon bizar da yake so: ta wata shida, ta shekara biyu, ta shekara biyar, ko ta shekara goma. Tambayar gajera ce, ana amsa ta da latsa kwamfuta sau ɗaya, amma a kanta na yi asarar fam 656 a shekarar 2024, lokacin da fam ɗaya yake neman naira 2,000 a wurin 'yan canji. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, shi ya sa nake son iyaye irina su ji yadda abin yake kafin su zaɓa.

'Yar farina tana aure a Ingila, inda mijinta yake aikin likita. A al'adarmu ta Katsina, haihuwar fari a gida ake yin ta, yarinya ta dawo gaban uwarta ta yi wankan jego har ta yi arba'in. Da ya tabbata ba za ta iya zuwa ba, sai aka yanke shawarar ni in tafi. Surukina ya ce zai cike mini fom ɗin daga can, amma na ga ba zan zauna ina lissafa wa suruki kuɗin fanshona da abin da ke cikin asusuna na banki ba, don haka na je wurin wani mai cike wa mutane takardun tafiya a nan cikin gari, wanda ƙawayena suka yaba da shi a harkar Umara.

A shekarar nan kuɗin bizar wata shida fam 115 ne, ta shekara biyu fam 432, ta shekara biyar fam 771, ta shekara goma kuwa fam 963. Da muka iso kan tambayar, sai ya juyo da kujerarsa ya ce, "Hajiya, ai ta shekara biyar za ki yi, kin huta ke nan. Idan kin shiga, sai ranar da kika ga dama ki dawo, kuma haihuwa ta biyu da ta uku duk ba sai kin sake taka Abuja ba." Maganar ta kwanta mini, musamman zancen Abujar, domin duk wanda ya bi hanyar Funtuwa da Zariya da Kaduna don kawai a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa ya san ba tafiyar da dattijuwa za ta so maimaitawa ba ce. Na taɓa kuɗin sallamar da aka ba ni bayan na bar koyarwa, na haɗa da kwasar adashi, aka biya fam 771.

Bayan kusan mako uku fasfo ya dawo. Na buɗe shi a tsakar gida, na ga takardar bizar manne da hotona, na yi hamdala, sannan na sa tabarau na duba kwanan watan farawa da na ƙarewa. Wata shida ne cif tsakaninsu. Na ɗauki hoton shafin da na wasiƙar da ta biyo shi na tura wa 'yata, ina cewa lallai kuskure aka yi, a bincika yadda za a gyara ko a maido mini da ragowar kuɗina. Ta yi shiru a waya, sannan ta ce, "Mama, ba kuskure ba ne, kuma ba sa maidowa."

Abin da mai cike fom bai faɗa mini ba, a rubuce yake a shafin gwamnatin Birtaniya: kuɗin da mutum ya biya na duba takardunsa ne, ba farashin biza ba. Idan jami'in bai gamsu cewa mai nema zai ci gaba da cika sharuɗɗan ziyara har tsawon shekarun da ya nema ba, yana da ikon ba shi wadda ba ta kai ba, kuma ba a mayar da ko kwabo. Haka ma idan an hana gaba ɗaya. Wato da an ƙi ni, fam 771 ɗin duka sun tafi, alhali da ta wata shida na nema, fam 115 kawai zan sa a kasada. Ni kuwa fasfona babu tambarin wata ƙasa in ban da Saudiyya, ban taɓa shiga Ingila na fito a kan lokaci ba balle a shaide ni, kuma dalilin tafiyata guda ɗaya ne tak, haihuwa. Babu abin da ke cikin takarduna da ya nuna ina bukatar zirga-zirga har shekara biyar. Mutumin da ya ce wannan ce sana'arsa ya kamata ya ga haka tun kafin in ciro kuɗina.

Ɗaya rabin maganarsa ma ba gaskiya ba ce, kuma ita ta fi haɗari. Ko da an ba ni ta shekara biyar ko ta goma, ba ni da damar zama fiye da wata shida a kowace shiga. Shekarun da aka rubuta a jikin biza lokacin da aka yarda mutum ya riƙa zuwa ne, tsawon zaman kuwa bai canza ba. Haka kuma wanda ya mayar da ita hanyar tarewa, ya yi wata shida ya leƙo gida na ɗan lokaci ya koma ya sake wata shida, ana iya tare shi a filin jirgi a soke bizar, domin dokar ta hana mutum ya mai da ƙasar gidansa ta hanyar ziyara bayan ziyara. Nakan yi tunanin da an ba ni shekara biyar ɗin na tafi da waccan fahimta, na zauna rainon jika har ya yi tafiya. Da na karya doka ban sani ba, na rufe wa kaina ƙofa, na kuma jawo wa surukina abin kunya a kan takardar gayyatar da ya sa wa hannu. Idan na tuna wannan sai zafin asarar ya ragu, amma ba ya gushewa.

Ba Ingila kaɗai ke raba tsawon biza da tsawon zama ba. A ƙasashen Turai na yankin Shengen, irin su Faransa da Jamus, mai bizar ziyara ba zai wuce kwana 90 a cikin kowane kwana 180 ba, ko da bizarsa ta shekaru ce. Wanda yake son ya wuce haka wata biza daban zai nema daga ƙasar da zai zauna. A Amurka jami'in filin jirgi ne yake yanke tsawon zama. Dokokin kuma suna juyawa: a 2023 Amurka ta ƙara wa 'yan Nijeriya tsawon bizar ziyara zuwa shekara biyar, a watan Yulin 2025 ta maido da ita wata uku, shiga ɗaya.

Da hankalina ya kwanta na ɗauki biro na yi lissafin da ya kamata a yi mini a shagon nan. Wanda zai je sau ɗaya a shekara, idan ya riƙa neman ta wata shida har shekara biyar, fam 575 zai kashe a farashin lokacin, bai kai 771 ba. Ta shekara biyu kuwa kusan kuɗin ƙananan biza huɗu ce. Ita kanta ta wata shidan yawanci ana iya shiga da fita da ita fiye da sau ɗaya kafin ta ƙare. Saboda haka doguwar biza ba rangwame ba ce ga mafi yawanmu. Amfaninta yana wani wuri: tana raba mutum da zuwa Abuja da tara takardun banki kowace shekara, tana ba shi damar tashi nan take idan rashin lafiya ko rasuwa ta faru, tana kuma kare shi daga ƙarin kuɗi, kamar wanda aka yi a watan Afrilun 2025 da ta wata shida ta koma fam 127, ta shekara biyar fam 848. Ɗan kasuwa mai yawan tafiya, ko uwar da ta riga ta je ta dawo sau da dama, su ne wannan zai yi wa rana.

Na yi tafiyata da bizar da aka ba ni, na yi wa mai jego kunun kanwa da gashin nama iyakar abin da aka samu a can, aka yi suna, aka yi arba'in, na dawo a ranar da na rubuta a fom ba tare da na ƙara ko kwana ɗaya ba, duk da bizar tana da saura. Wannan ina ba shi muhimmanci ƙwarai, domin idan mutum ya ce zai yi wata biyu ya yi biyar, bai karya doka ba, amma a nema na gaba za a gwada abin da ya faɗa da abin da ya aikata. A lura kuma cewa ga mai bizar wata shida, wata shidan daga ranar farawa da aka rubuta a bizar yake fara ƙirguwa, ba daga ranar da jirgi ya sauka ba, kuma ba a neman ta fiye da wata uku kafin tafiya.

Da tafiya ta biyu ta taso, na ajiye kunya na bar surukina ya cike fom ɗin, ina zaune da 'yata a waya tana karanta mini kowace tambaya tana fassarawa. Da muka iso wurin nan ya ce, "Mama, yanzu kina da shaidar shiga da fita, ko a gwada ta shekara biyu?" Na ce a'a, a sa wata shida. Sai na sake zuwa na dawo lafiya, kuma na ga zuwan nawa ya zama na kowace shekara, sannan zan nemi ta shekara biyu, da kuɗin da idan ya tafi ba zai taɓa abincin gidana ba.