Wasiƙa daga Hong Kong: Tsibiran da Tudu Ya Haɗiye

Assalamu alaikum, 'yan uwana na gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun ranar da na zauna shan iska a wani lambu da ke unguwar To Kwa Wan, a ɓangaren Kowloon na Hong Kong.

Sunan lambun Hoi Sham, wato zuciyar teku, kuma abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne yadda za a kira wuri da wannan suna alhali da ƙafa na tako zuwa gare shi daga bakin titi. A gefensa, dab da ruwa, akwai wani dutse mai kama da wutsiyar kifi, iska da gishirin teku sun rarake jikinsa, tsofaffi kuma na zaune a inuwar wata rumfa kusa da shi. Wani dattijo daga cikinsu ne ya shaida mini cewa a lokacin ƙuruciyarsa wannan dutse a tsakiyar ruwa yake, sai an biya mai kwale-kwale kafin a taɓa shi. Tsibiri ne sukutum, da wurin bautarsa da masu zuwa yawon shaƙatawa, har zuwa shekarun 1960 da aka cike ruwan da ke tsakaninsa da gaɓa, sannan aka buɗe lambun a 1972. Da tsibirin ya tafi, sana'ar masu fiton mutane zuwa can ta bi shi.

Yadda ake aikin ba baƙo ba ne ga wanda ya ga ana cike kududdufi a Kano domin a yanka filaye, sai dai nan girmansa ya wuce misali. Ana kafa katangar manyan duwatsu a cikin teku, a zuba yashi da ɓaraguzan tsaunukan da aka fasa a bayanta, a bar wurin ya zauna, sannan a ɗora gini.

Haka aka yi wa tsibirin Kellett, inda Turawan Ingila suka taɓa ajiye albarushi, wanda cikon da aka yi domin hanyar mota ta ƙarƙashin teku, da aka buɗe a 1972, ya liƙa shi da gari. Haka kuma tsibirin Stonecutters, wanda Birtaniya ta karɓa tare da Kowloon a 1860, ya manne da tudu a shekarun 1990, yau kuma babbar matatar ruwan ƙazanta ta birnin a kansa take. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sarin wayoyi su sani cewa filin jirgin saman da suke sauka, wanda aka buɗe a 1998, a kan tsibirai biyu aka shimfiɗa shi, Chek Lap Kok da Lam Chau, bayan an baje tuddansu an tashi mazauna ƙauyen da ke wurin.

Ban ga laifin neman fili ba, domin mutum fiye da miliyan 7 ne ke zaune a wurin da akasarinsa tsaunuka ne, kuma duk wanda ya ga ƙuncin ɗakunan talakawan nan ba zai yi saurin zargi ba. Abin da ke damuna shi ne an daɗe ana ciko kamar teku ba shi da masu shi, alhali masunta da masu fito a kansa suka dogara. Sai da mashigin ruwan Victoria, wanda ya raba Kowloon da tsibirin Hong Kong, ya tsuke ƙwarai kafin jama'a su tashi tsaye, har aka kafa dokar kare shi a 1997, babbar kotun birnin kuma ta yanke hukunci a 2004 cewa ba za a ƙara cikewa ba sai da buƙatar jama'a mai ƙarfi da ba ta da makawa. A lokacin kuwa waɗannan ƙananan tsibirai sun riga sun zama unguwanni.

Duk wanda Allah ya kawo shi nan daga cikinku, ina roƙonsa ya ware yamma ɗaya ya je To Kwa Wan, ya tsaya gaban wannan dutse, ya dubi dogayen benayen da ke bayansa, waɗanda duk a inda kwale-kwale ke bi aka kafa su.

Wassalam, ɗan uwanku a Hong Kong.