Godiya bayan guguwar Norman: banɗaki ne ya zama mafakarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya fitar da mu lafiya, ni da maigida da yaranmu uku, daga mahaukaciyar guguwar da ta ratsa garin Norman na jihar Oklahoma a daren Lahadi, 26 ga Fabrairu, 2023. Saƙonninku na jaje sun taru a wayata, wasu har yanzu ban buɗe su ba. Wallahi ba raini ba ne, hidima ce ta sha kaina. Shi ya sa na ga gara in rubuta guda ɗaya da zai isa kowa, na gida da na nan Amurka.

Ba wanda ya ji ko ƙwarzane a cikinmu. Rufin falo da na gareji sun tafi, tagogin gaba duk sun farfashe, wani katakon shinge kuma ya huda bangon ɗakin yara ya tsaya daidai saman gadon auta. Masana sun sa guguwar a mataki na 2 a ma'aunin EF, wanda ke farawa daga 0 ya ƙare a 5, mataki na 2 kuwa shi ne iskar da ke gudun kilomita 180 zuwa sama da 200 a awa. An samu waɗanda suka ji rauni a garin, amma ba a rasa rai a Norman ba. A yammacin jihar, wajen Cheyenne, an rasa mutum ɗaya a wannan daren.

Bayan Allah, godiyata ta farko ga maƙwabciyata ce, dattijuwa haifaffiyar jihar nan, wadda yarana ke ce wa Kaka. Tun farkon tarewarmu, wata Asabar da tsakar rana jiniyar gari ta gargaɗin guguwa ta ɗauki kuka, na fito a guje da goyo a baya. Ta leƙo ta shinge tana dariya, ta ce gwaji ne, kowace Asabar ƙarfe sha biyu ake yi in gari ya yi garau. Ba ta bar maganar a nan ba. Ta shigo gidan ta bi ɗaki-ɗaki tana duba bango, har ta tsaya a ƙaramin banɗakin da ke tsakiyar gida, ta ce nan ne wurinku. Ba shi da taga, ba bangonsa ko ɗaya da ke kallon waje, kuma ƙanƙantarsa ta sa bangayen suna riƙe juna. Ta ce duk abin da ake so shi ne a sa bango mai yawa tsakaninka da waje, a hawa na ƙasa, nesa da gilashi. Yawancin waɗanda guguwar nan ke kashewa ba ɗaukarsu take yi sama ba, tarkacen da take jifa da su ne ke samunsu: katako, kwanon rufi, gilashi, bulo. Saboda haka kan mutum da wuyansa ake fara karewa. Ita ta sa na sayo wa kowane yaro hular kwano irin ta masu keke, ita ta ce a ajiye takalma masu rufi a wurin, don bayan guguwa ƙasa cike take da ƙusoshi da fasassun gilasai. Ni kuma na ƙara tocila, ruwan sha, maganin asmar babbar 'yata, da fasfo-fasfo ɗinmu a cikin leda. A lokacin na ɗauka tsoron tsofaffi ne kawai, na dai yi don kada ta ga na ƙi jin maganarta.

Tun kafin ranar masu hasashen yanayi suke cewa Lahadi za ta yi muni. Da yamma aka fitar da sanarwar zama cikin shiri, wadda ke nufin yanayi ya dace da haifar da guguwa amma ba a ga ko ɗaya ba tukuna. Bayan ƙarfe tara na dare wayoyi suka ɗauki ƙara da gargaɗi na gaske, wanda ke nufin an gan ta ko na'urar rada ta nuna tana juyi, a shige mafaka yanzu. Tsakanin wannan gargaɗin da isowarta sau da yawa mintuna ne kaɗan, a daren nan kuwa hadarin gudu yake yi na fitar hankali. Na sa yaran a cikin bahon wanka, na kifa musu katifar auta, ni na durƙusa a gefe na riƙe bakinta da hannu biyu. Wuta ta ɗauke. Kunnuwanmu suka toshe, sai ruri, sai ƙarar abubuwa na dukan gidan ta ko'ina. Babbar 'yata ce ta fara addu'ar iska da suka koya a Islamiyya, wadda Nana A'isha ta ruwaito daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi: Allahumma inni as'aluka khairaha wa khaira ma fiha. Ban san sau nawa muka maimaita ba. Abin bai daɗe ba ya wuce. Malamar Islamiyya, Allah ya saka miki da Aljanna, karatunki ya yi rana.

Maigida yana wurin aiki a birnin Oklahoma a daren. Da gargaɗin ya fito ya ɗauki makullin mota zai taho, wani abokin aikinsa ya tare ƙofa ya hana shi fita. Ban taɓa ganin mutumin nan ba, amma ina sa shi a addu'a. Mutanen jihar nan sun ga darasi a kan mota. A ranar 31 ga Mayu, 2013, lokacin guguwar garin El Reno na jihar nan, wadda faɗinta ya kai kilomita huɗu, jama'a sun fito da motoci suna neman tsira, manyan tituna suka cushe, kuma waɗanda guguwar ta kashe a cikin motoci ta same su. Wasu da suka ɓuya a magudanar ruwa a daren ambaliya ce ta tafi da su. Ƙarƙashin gadar sama ma, da mutane ke ɗauka mafaka ce, ta ci rayuka a guguwar 3 ga Mayu, 1999, domin iska ƙara ƙarfi take yi idan ta matse a wurin. Na faɗi wannan ne saboda na san halinmu: namiji ya ji iyalinsa na cikin haɗari, ba ya tsayawa tunani. A irin wannan daren, zamansa inda yake shi ne taimakon.

Tambayar da ta fi yawa daga gida ita ce, to me ya sa kuka kama gidan da ba shi da ɗakin ƙarƙashin ƙasa? Yaya ta yi min ita har da faɗa. Yaya, ki yi haƙuri, ba sakaci ba ne, gidajen Oklahoma kaɗan ne ƙwarai ke da shi. Ƙasar nan jan yumɓu ce, in ta sha ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke, sai ta tsattsaga bangon da aka binne a cikinta, ga ruwan ƙasa kusa a wurare da yawa. A jihohin arewa sanyi kan daskarar da ƙasa har can ciki, dole a haƙa harsashin gini da zurfi, sai ɗakin ƙasa ya zo musu kusan a ɓagas. Nan kuwa daɓen siminti ake zubawa a ɗora gida a kai. Masu hali kan sa a haƙa musu ramin ƙarfe a daɓen gareji, ko a kafa ɗan ɗakin ƙarfe ko na kankare a cikin gida, sannan su yi masa rajista da hukumar gari don 'yan kwana-kwana su san inda za su tono mutum idan gini ya rufta a kansa. Gwamnatin jiha tana da shirin mayar wa masu gida wani kaso na kuɗin ta hanyar ƙuri'a. Mu 'yan haya ne, ba mu da ikon fasa daɓen wani. Kuma garin ba shi da mafakar jama'a da za a ruga, da gangan aka yi haka, don kada mutane su fito kan titi a lokacin da ya fi kowane haɗari.

Na lura kuma da yawa a gida sun ɗauka irin 'yar guguwar rani ce da ke tashi a fili ta kwashi ganye da leda, yara na binta da gudu. Wannan daga cikin hadari take saukowa, idan iska mai ɗumi da laima daga Tekun Meziko ta haɗu da busasshiyar iskar yamma da sanyin da ke gangarowa daga arewa. Amurka na samun sama da dubu a shekara, Oklahoma kaɗai fiye da hamsin a matsakaici, mafi yawa daga Afrilu zuwa Yuni. Tamu ko lokacin ba ta jira ba. Abin dariya, a nan Norman ɗin ne cibiyar da ke fitar da sanarwar shiri ga ƙasar baki ɗaya take, masanan ma a garin suke kwana kamar kowa.

Ba zan ce muku banɗaki maganin kowace guguwa ba ne. A Moore, garin da ke maƙwabtaka da mu ta arewa, ta ranar 20 ga Mayu, 2013 ta kai mataki na 5, ta share gidaje har daɓe, ta kashe mutum 24, bakwai daga cikinsu yara ne a wata makarantar firamare. Irin wannan sai rami ko ɗakin ƙarfe. Sai dai irinta ba ta da yawa, mafi rinjayen guguwoyin ƙanana ne da matsakaita, waɗanda ɗakin tsakiya ke tsare mutum daga gare su da izinin Allah. Abin da Kaka ta koya min shi ne, ranar da masana suka ce haɗarin babba ne, a tafi gidan mai rami tun da sauran rana, tun kafin hadari ya haɗu. In gargaɗi ya riga ya fito, an makara, a zauna inda ake. A kan haka ina godiya ga ɗan'uwanmu likita, mutumin Sudan, da matarsa, da suka ce daga yanzu akwai wurinmu a ramin garejinsu, har suka ba mu makulli.

'Yan'uwana ɗalibai da sababbin zuwa, musamman masu zama a saman bene: ku san maƙwabcinku na hawan ƙasa tun yanzu, ku gaisa, ku kai masa ko ɗan cincin ne, don ranar da za ku buga masa ƙofa da dare ya san fuskarku. In babu, ku sauko ƙarƙashin matakala ko lungun da ba taga. Masu zama a gidajen tafi-da-gidanka kuwa, wato waɗanda ake jawowa da mota a girke, babu ɗakin da ke da aminci a cikinsu, ko an ɗaure gidan da ƙasa, dole a fita da wuri zuwa gini mai ƙarfi. Kada a ɓata lokaci wajen buɗe tagogi wai don iska ta wuce, tsohon zance ne marar tushe. Kada a dogara da jiniya, don waɗanda ke waje aka yi ta, mai barci a ɗaki ana ruwa da iska ba lallai ya ji ba. A bar wayar a kunne da caji, a kuma sayi ɗan rediyon yanayi mai batir, wanda ke yin ƙara da kansa. Sannan, don Allah, a daina fita ƙofar gida ɗaukar bidiyo. Ta dare ba a ganinta, ta rana ma sau da yawa ruwan sama ne ke lulluɓe ta.

Sauran godiya tana da yawa. Ga matashin da ke gidan kallonmu, wanda ya fara buga mana ƙofa da tocila, ya ji warin gas ya rufe shi daga mita kafin ma'aikata su iso, ya kuma hana yara zuwa kusa da wayar lantarkin da ta faɗo. Ga 'yan kwana-kwana da suka bi gida-gida cikin duhu. Ga mutanen wani coci da suka zo da safe da zarto mai inji da tamfol, suka sare bishiyar da ta toshe mana hanya, suka rufe inda rufin ya yaye, ba su tambayi addininmu ba, ko ruwan shayi da ƙyar suka karɓa. Ga liman da jama'ar masallacinmu da suka haɗa mana gudummawa. Ga iyalin Bahaushen Kumasi da suka ba mu ɗaki biyu a gidansu, matarsa ta ce min in na ƙara cewa mun takura musu za mu ɓata. Ga ƙanin maigida da ya tuƙo mota tun daga Dallas. Ga 'yar'uwar da ta matsa mana tun bara muka yi inshorar kayan 'yan haya, ta kuma ce mu ɗauki hoton komai kafin mu taɓa tsinke. Inshorar mai gida ginin kawai ta shafa, kayanka ba ruwanta da su, da yawanmu ba mu san haka ba.

Hajiyata, lokacin da abin ke faruwa asuba ta gabato a Kano, kina kan darduma ba ki san komai ba. Da na kira ki, kafin in gama magana kika ce a sayi hatsi a yi sadaka. An yi, kuma na gode wa Kawu da ya tsaya a kai.

Yanzu mun samu wani gidan haya, shi ma ba ɗakin ƙasa, amma kafin mu sa hannu a takarda sai da muka kai Kaka ta duba, ta zaɓi ɗakin ajiyar kaya da ke bayan kicin. Auta har yanzu yakan firgita in jiniyar Asabar ta tashi, a taya mu da addu'a. Azumi ya ƙarato, lokacin guguwa na biye da shi, don haka matan masallaci mun shirya zama ranar Asabar bayan Azahar, duk wadda ke so a je a duba mata ɗakin da ya dace a gidanta ta ba da suna a zaurenmu na WhatsApp. Akwai kuma hulunan kwano na yara da aka kawo mana fiye da buƙata, mai so ta yi magana.

Kuloli da tukwanen da aka kawo mana abinci a ciki suna nan a wanke. Wasu ba suna a jikinsu, musamman wata babbar kula ruwan toka da aka kawo dambu a ciki, mai ita ta taimaka ta neme ni. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya tsare mu da ku. Wassalam.