Kanwa, tsamiya da ɗanyar hanta a ajin kemistiri

Ɗalibaina na aji biyu a babbar sakandare sun iya haddar abubuwan da ke sa sinadarai su yi saurin aiki da juna. Za su jero maka su, su rubuta a jarrabawar WAEC su ci maki. Amma ka ce su faɗi dalili, sai kowa ya sunkuyar da kai. Wannan ya daɗe yana damuna. Ɗakin gwaje-gwajenmu kuwa kwalabensa yawanci fanko ne, don haka na shiga kasuwa na sayo kanwa, tsamiya, lemun tsami, balan-balan da hanta, na biya kemis na karɓi haidurojin feroksaid ɗin da ake wanke ciwo da shi.

Mun fara da kanwa. Sinadarin kabonet ne a cikinta, idan ta gamu da tsami sai kumfa ta taso, iskar kabon dayoksaid ce ke fita. Muka jiƙa tsamiya mai kauri, muka raba biyu, muka tsinka rabi da ruwa, muka zuba kanwa a kowanne. Mai kaurin nan take ta tashi, tsinkakkiyar kuwa sai a hankali. A nan na kawo musu maganar karo: ƙwayoyin sinadari ba sa canzawa sai sun yi karo da juna, kuma karo mai ƙarfi. Kamar kasuwa ce ranar cinta, idan ta cika maƙil ba ka taku uku ba ka bangaji wani ba.

Zafi ne ya fi ɗaukar mana lokaci. Ruwan tsamiya mai sanyin randa a kwalba ɗaya, mai ɗumi a ɗaya, kanwa cokali guda kowacce. Na ɗumin ya riga tashi. Ɗalibai suka ce ai ƙwayoyin ne suka ƙara gudu. Gaskiya ne, amma wannan ƙaramin ɓangare ne na labarin. Akwai wani mizanin kuzari da dole karo ya kai kafin wani abu ya faru, kuma ɗan ƙarin zafi yana ninka adadin ƙwayoyin da ke iya kaiwa wannan mizani. Svante Arrhenius, masani ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fitar da lissafin haka a 1889. Sinadarai da yawa saurin aikinsu kan kusan ninkawa idan zafi ya ƙaru da digiri 10. Shi ya sa nono ke saurin tsami da bazara, ya daɗe da hunturu.

Abin da na fi tsananta musu shi ne kada a canza abu biyu lokaci guda. Wani rukuni ya daka ɓawon ƙwai ya zuba a ruwan lemun tsami mai ɗumi, ya bar wanda ba a daka ba a mai sanyi. Sun ɗaura balan-balan a bakin kowace kwalba don ya tare iskar da ke fita. Na farkon ya riga kumbura, suna ta murna. Na ce to, dakan ne ya yi aiki ko ɗumin? Suka sake da ruwa iri ɗaya, garin ya kuma yin gaba, saboda tsami yana samun wurin taɓa shi ta ko'ina. Na ba su labarin injin fulawa na birnin Miniyafolis a Amurka, wanda ƙurar gari ta kama wuta ta tarwatsa shi a 1878, mutum 18 suka rasu. Ajin ya yi tsit, don da yawansu ana aikensu niƙa.

Hanta ce ta fi burge ni. Haidurojin feroksaid yana rarrabewa da kansa ya zama ruwa da oksijin, amma a hankali ƙwarai. Muna jefa ɗanyar hanta sai kumfa ta cika kofi har ta zubo. Akwai wani enzayim (abin da ke hanzarta aikin sinadarai a jikin mai rai) a hanta mai suna katalas, ƙwayarsa guda tana iya farfasa miliyoyin ƙwayoyin feroksaid a daƙiƙa ɗaya, ita kuma ba ta ƙarewa. Abin da ke hanzarta aikin sinadarai haka, shi kuma bai ƙare ba, shi ake kira katalis. Sai na kawo dafaffiyar hanta. Kowa ya ce wannan za ta fi, tunda zafi na ƙara sauri. Ko motsi ruwan bai yi ba. Dahuwa ta lalata siffar enzayim ɗin, don furotin ne, kuma aikinsa ya fi kyau a kusa da zafin jiki, digiri 37.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to kanwar da ake sa wa wake ita ma katalis ce?" Na ji daɗin tambayar nan sosai. Na ce a'a. Kanwa tana sauya yanayin ruwan dahuwar ne, ta rage masa tsami, sai abin da ke riƙe da ƙwayoyin waken ya yi saurin saki. Muka yanke shawara mako na gaba kowane rukuni zai zo da wake gwangwani biyu, tukunya iri ɗaya, wuta iri ɗaya, ɗaya da kanwa ɗaya babu, su riƙa duba agogo.