Tarihin Rayuwata, Kashi na 19: A-kori-kurar Baba

Makon jiya na yi alkawarin yau zan kawo labarin auren Autanmu. Ku yi mini afuwa. Shekaranjiya na ga wata farar Hilux a bakin kasuwar Dawanau, an lafta mata buhunan riɗi har ta durƙusa, sai zuciyata ta koma kan tamu. Na san halina, in ban amayar da wannan maganar ba, ba za ta bar ni in rubuta wata ba. Auren Auta ya jira, ai ba gudu zai yi ba.

Baba, Allah Ya jiƙansa, yana da wata magana da duk wanda ya tashi a gidanmu ya haddace: "Motar da ba ta ɗaukar buhu takalmi ce, sai dai mai tsada." Ranar da maƙwabcinmu ya sayo Honda ya kawo a sa albarka, Baba ya zagaya ta, ya yi addu'a, mutumin yana juya baya ya faɗi maganar nan, mu kuwa muka yi ta ƙyaƙyata dariya a soro. Ɗan kasuwar hatsi ne, a wurinsa mota jaki ce mai taya huɗu. A 1996 ya sayi Hilux ɗin, ta hannu, mai shan fetur, kuma da ita ya yi ta jigilar gero da wake daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau har ƙarfinsa ya ƙare.

Da ya rasu a 2011 aka zo rabon gado, aka yi wa komai kuɗi. Akwai gonar bakin titi da ke gaba da Dawanau, akwai motar, kuma kuɗin da aka yi musu a lokacin ba su yi nisa da juna ba. Yaya ne ya fara magana. Ya ce, "Kai ne mai zirga-zirga, kai ka fi dacewa da ita. Ni me zan yi da a-kori-kura?" Baffa ya gyaɗa kai. Ni kuwa har wani daɗi na ji, ina ganin an ba ni rigar Baba na saka. Yaya ya ɗauki gona. Yau gonar nan an yanka rabinta fuloti-fuloti, kuɗin guda ɗaya ya isa ya sayi irin motar nan. Ba ina cewa an cuce ni ba ne, da bakina na amsa. Ina dai so a riƙa tunawa da wanda ya fara cewa me zai yi da a-kori-kura.

Shekara goma sha biyu motar tana hannuna, amma sunanta "motar gida". In za a kai jeren amarya, a kira ni. Ragunan layya, a kira ni. Gwaggo ta yi girbi a ƙauye, a kira ni. In aka yi rasuwa a unguwa, bayan motar nan ake sa makara, kuma wannan kam ban taɓa jin nauyinsa ba, Allah Ya sa a mizani. Sauran fa? A duk shekarun nan mutum ɗaya ne ya taɓa miƙo mini kuɗin mai, shi ma suruki ne, ba ɗan gida ba. Kowa sai ya ce Allah Ya yi albarka, ya shige. Ina son addu'a, amma yaron gidan mai bai taɓa karɓarta a madadin kuɗi ba.

Daga gidana a Rijiyar Lemo zuwa makarantar da nake koyarwa a Bichi, zuwa da dawowa, ya kai kilomita 80. Motar tana shanye mini lita 12 a rana, wani lokaci fiye, don kafiretonta ya tsufa, in ta tsaya a cunkoson Bachirawa kana jin warin ɗanyen mai har cikin maƙogwaro. Kwana huɗu nake zuwa a mako. Lokacin da lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, ina lallaɓawa, in na samu ɗan lodin buhu biyar ko shida a hanyar dawowa sai ya toshe wani ramin. Sai ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya faɗa a jawabin rantsuwarsa cewa tallafin mai ya tafi. Kafin mako ya zagayo lita ta haura 500. A watan Yuli ta haura 600. Ku buga lissafin da kanku: lita 12 sau kwana 16. Abin da ke fitowa ya kusa cinye albashina gaba ɗaya, ban sayi ko kwanon masara ba.

Maman yara ce ta fara fasa ƙwan. Wani dare ta shigo da littafin makarantar ɗaya daga cikin yaran, ta rubuta kuɗin cefane a shafi ɗaya, kuɗin mai a ɗaya shafin, ta ajiye a gabana. Ta ce, "Malam, tsakaninmu da motar nan, wa ya fi cin abinci a gidan nan?" Na yi mata faɗa a daren, na ce motar mahaifina ce. Ta ce ta sani, ta ɗauke littafinta. Ban taɓa ba ta haƙuri a kan faɗan nan ba, kuma na san tana karanta wannan rubutun, to ga shi na bayar.

Na gwada motar haya na mako uku. Mutum huɗu a baya, biyu a gaba, kuma direba ba ya tashi sai ta cika. Sau biyu ina isa an gama darasin farko. Shekarata hamsin da ɗoriya, gwiwata ba ta jure matsi. Na koma na tayar da Hilux, na ga allurar mai tana sauka kamar ana zuƙa da tsinke, na ce a'a.

Hajiya na fara samu kafin kowa. Na yi ta kewaye-kewaye, ita kuwa tana ta ɓare gyaɗa ba ta ko ɗago ba. Da na gama ta ce, "Babanku ma sai da ya sayar da jakunan kakanku sannan ya sayi keke, har suka yi wata biyu ba sa magana. Je ka sayar, Allah Ya sa ta fi amfani a can." Ban taɓa jin labarin jakunan nan ba sai ranar. Baban da ke yi wa motar mutane dariya, ashe shi ma an taɓa yi masa.

Neman ƙaramar mota kuwa, wannan wani karatu ne daban. Lokacin an rufe iyakarmu da Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, naira kuma tana ta faɗuwa, kuɗin kwastan yana hawa, don haka duk dillalin da ka tambaya da abin da zai fara ke nan: boda a rufe, dala ta tashi. Alhali tun Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma ka rantse jiya aka hana. 'Yar Kwatano sabuwar saukewa ta fi ƙarfina, sai na koma neman wadda aka hau a nan gida. Kuma kowace mota a bakin dillali, wata Hajiya ce mai ita, daga gida sai unguwa. Na ga motocin Hajiya sun kai bakwai. Ɗaya har da sauran ɓawon rake a ƙarƙashin kujera da ƙugiyar ɗaure kaya a but.

Abin da ya cece ni bakanikena ne, wanda ya riƙe Hilux tun zamanin Baba, garejinsa na nan wajen Ƙofar Ruwa. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: ba ma duba mota da rana, sai da sassafe, kafin kowa ya tayar da ita, don injin da ya ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Akwai wata Corolla 'yar Amurka ƙirar 2001 da raina ya biya, fenti yana ƙyalli, esi kamar firji. Muka je bayan asuba. Ya fara ɗora tafin hannu a kan bonet ya ji ko da ɗumi. Ya sa aka tayar, ya tsugunna a baya, ya ce in taka totur. Sai ya zura yatsa cikin salansa, ya fito da shi baƙi ƙirin yana maiƙo, ya shafa mini a bayan hannu. Ya ce, "Alhaji, irin waɗannan daga 1998 zuwa 2002 an san su da shan baƙin mai, ringi ne. Abin da ka rage a fetur za ka mayar a galan." Dillali ya fara rantse-rantse, shi ko ya goge yatsansa da tsumma ya ce mu tafi. A hanya ya nuna mini wani ɗan maganaɗisu da yake yawo da shi a aljihu, yana bin jikin mota da shi, duk inda ya ƙi kamawa to an cike wurin ne bayan haɗari an bi da fenti.

Golf 3 ya so in saya, don kayanta kamar ƙasa a Ƙofar Ruwa. Na ƙi, saboda duk wadda muka gani ta gama shan wahalar haya. A ƙarshe muka dace da wata Corolla ta Turai ƙirar 2004, injin 1.4, giyar hannu, irin marar but ɗin nan mai ƙofa a baya. Mai ita ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ba Hajiya ba. Esi ba ya aiki, shokazoba na baya sun mutu, amma salansa a bushe, kuma lambar da ke jikin takardar kwastan ta yi daidai da ta jikin mota, sai da muka karanta ta harafi-harafi sau biyu. Na sayar da Hilux miliyan 2 da dubu 400 ga wani mai jigilar hatsi, na cika dubu 500 daga adashin Maman yara, na biya la'ada, na ɗauko.

Ranar da za a tafi da Hilux na kwashe tarkacen ciki. A aljihun gaba, ƙarƙashin tsofaffin takardun inshora, na tsinci basillar Baba ta ɗinkin buhu, da ɗan guntun igiya a hancinta. Shekara goma sha biyu ina buɗe wurin nan ban taɓa kai hannu ƙasa ba. Na zauna a kujerar direba, wadda ta lotsa daidai zaman Baba ba nawa ba, har mai sayen ya ƙwanƙwasa gilashi ya ce ko akwai matsala.

Sati biyu bayan haka aka yi suna a gidan Auta. Na faka a ƙofar gida, ana zaune a kan tabarmi, Yaya ya kalli motar, ya kalle ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ashe takalmi ka sayo. Ko ɗuwawu ba ta da shi. Ka sayar da Baba ka sayo motar mata." Aka yi dariya, har da yaran da na kai kayan ɗakin iyayensu kyauta. Ban tanka ba, don yayana ne, kuma gaban mutane ne. Amma "ka sayar da Baba" ɗin nan ta zauna mini. Wanda ya yanka gonar Baba fuloti-fuloti, shi ne yake faɗa mini haka. Maganar takalmi ta Baba ce, shi ya ci guminsa a kan buhu, yana da ikon faɗinta. Yaya kuwa tunda nake ban taɓa ganin ya ɗaga ko rabin buhu ba.

Takalmin nawa dai lita biyar da rabi yake sha zuwa Bichi da dawowa, in ban yi gudu ba. Abokan aikina biyu suna jirana a Miltara, kowa yana kawo nasa kason ranar Litinin ba sai na tambaya ba. Ba zan ɓoye ba, akwai ranar da na yi kewar Hilux har na ji haushin kaina: Babbar Sallar 2024, da na kwantar da kujerun baya na cusa rago, ya yi mini fitsari a kafet, warin ya yi wata guda. Kuma da damina, in na zo inda ruwa ya kwanta, sai na tsaya na ga wani ya fara shiga. Da Hilux ko kallon ruwa ba na yi. Abin mamaki, tun da aka sayar da ita ba a fasa kai jere a danginmu ba, ashe kowa ya san inda ake ɗaukar shatar mota.

A watan Oktoban 2024 lita ta haura naira 1,000. Yaya yana da wata zungureriyar mota mai silinda shida, sai na lura ta kwana biyu a rufe da tampol. Wani daren Lahadi wayata ta yi ƙara. Bayan gaisuwa da tambayar iyali ya yi ɗan tari, ya ce, "Gobe da ƙarfe nawa za ka wuce? Ina so in leƙa gona, masu awo za su zo." Na ce bakwai saura kwata, Yaya.

Ya shiga gaba, ya ja kujera baya, ya ce ashe tana da faɗi daga ciki. Muna hawa wani gargada bayan Dawanau aljihun gaba ya buɗe, ya ga basillar, ya ɗauka ya jujjuya, ya mayar bai ce komai ba, ni ma ban ce ba. Na sauke shi a bakin gonar. Daga ranar zuwa yau na kai shi ya fi sau ashirin, kuma duk saukar da zai yi sai ya leƙo ta taga ya ce Allah Ya yi albarka. Nawa lita take, har yanzu bai tambaya ba.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, auren Auta.