Ga Ƙannena da Ke Neman Sauƙin Damuwa a Ƙoƙon Kava

Kava saiwar wani tsiro ce dangin masoro, wanda ake nomawa a tsibiran tekun Pasifik, musamman Fiji da Banuwatu da Tonga da Samowa. A Fiji ana busar da saiwar a daka ta, a jiƙa garin, a tace da ƙyalle, sai a sami ruwa mai launin laka da bauri, wanda da zarar ya taɓa baki harshe da leɓɓa sukan mutu na ɗan lokaci. A can abin karrama baƙo ne da sasanta mutane: ana zama a kan tabarma kewaye da babban akushin katako, ana miƙa ƙoƙon kwakwa daga wannan zuwa wancan, ana tafi kafin a sha. Wannan al'ada ba ni da ta cewa a kanta. Maganata a kan irinmu ce, baƙi, da muke cire abin daga muhallinsa mu mayar da shi maganin damuwa.

Na san kava ina karatu a birnin Oklan na Niyu Zilan, inda mutanen Tonga da Fiji suke da yawa. Kuɗin haya da jarrabawa da buƙatun 'yan gida sun haɗu sun hana ni barci, kuma abin da ya ja ni shi ne an ce mini ba giya ba ce, saiwa ce kawai. Gaskiya da farko na ji daɗinta, domin jiki yakan saki, tunani ya lafa, barci ya zo ba wuya. Kuskurena shi ne na bar zaman jama'a, na sayi garin na koma damawa ni kaɗai a ɗaki kowane dare, ina ƙara kauri a hankali, kuma idan na tashi da ciwon kai in haɗiye farasitamol ba tare da na kawo komai a raina ba. Kafin in farga fatar ƙwaurina da bayan hannuna ta bushe tana saɓa, idanuna suka yi ja, abinci ya fita raina, wandona ya fara zamewa. Mutanen Fiji sun san wannan bushewar fata sarai a jikin masu yawan sha. Da aka gwada jinina aka ga alamar hanta ta wahala, sai da likita ta yi ta tambaya kafin na ambaci kava, domin ban ɗauke ta a matsayin abin da ake faɗa wa likita ba. Da na daina, bayan 'yan watanni gwajin ya daidaita, fatar ma ta koma yadda take.

Batun hanta ba sabo ba ne. A shekarar 2002 Jamus ta janye magungunan kava daga kasuwa bayan rahotannin lalacewar hanta, wasu har sai da aka yi musu dashe. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a wannan shekarar, Birtaniya kuma ta hana sayar da ita. Wata kotun Jamus ta soke haramcin a 2014, kuma nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya da ta Abinci suka fitar a 2016 ya nuna cewa shan ta daidai-wa-daida, yadda aka gada, da ruwa da tsantsar saiwa, haɗarinsa kaɗan ne. Amma ku lura da sharuɗɗan. Ƙwayoyi da ruwan kwalba da ake tallatawa a intanet sau da yawa da sinadarai ake tatso su, wani garin kuma ana cakuɗa shi da ɓawo ko kara, sannan akwai nau'in da maye da kasalarsa ke kai kwana biyu a jiki, wanda dokar Banuwatu ta 2002 ta taƙaita fitar da shi waje. Wanda ya yi oda daga nesa ba shi da hanyar sanin wanne aka ƙunsa masa.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Cutar hanta nau'in B ta yaɗu sosai a Yammacin Afirka, kuma da yawa suna ɗauke da ita shekara da shekaru ba su sani ba. Wanda bai taɓa gwadawa ba bai san ƙarfin hantarsa ba, balle ya ɗora mata wani kaya. Kada a haɗa kava da barasa, ko maganin barci irin su diazepam, ko farasitamol, kuma mai ciki da mai shayarwa su nisance ta. Kada a tuƙa mota bayan an sha, domin tana rage hanzarin jiki ko da mutum yana jin hankalinsa garau.

Damuwar da ta kai ni ga ƙoƙon kuwa ba ta ragu ba sai da na je ofishin kula da ɗalibai aka raba mini biyan kuɗi kashi-kashi, na kuma faɗa wa 'yan gida gaskiyar abin da ke aljihuna. Wanda ya riga ya fara sha, idan ya ga idanunsa sun yi rawaya, fitsarinsa ya yi duhu, ko yana jin tashin zuciya da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya daina nan take ya nufi asibiti, ya tafi da ledar garin ko kwalbar, ya faɗa wa likita yawan abin da yake sha da duk maganin da yake haɗawa da shi.